Amsoshin Tambayoyinku: Kullen Korona, Wa Ya Yi Daidai?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, dukansu a kan annobar korona, wadda ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta tun 5 ga Mayu 2023, tabonta yana nan a zukata da aljihun mutanen zango a Gana.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Kejetia. Lokacin korona an kulle mu mako uku, jarina ya karye, har yau bai koma yadda yake ba. Ɗana da ke aiki a Italiya ya ce su kusan wata biyu suka yi ba fita, maƙwabcinmu kuma ya ce a Suwidin ba a kulle kowa a gida ba. To wa ya yi daidai? Zaluntarmu aka yi, ko sauƙi aka yi mana?
Daga wata Hajiya, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri, ya sa albarka a abin da ya rage. Ɗanki ya faɗi gaskiya, maƙwabcinki ma ya faɗi gaskiya, amma kowannensu rabin labari ya ba ki.

Abin da ya sa ake kulle shi ne, ƙwayar wannan cuta tana bin numfashi, ta fi yaɗuwa a ɗaki rufaffe mai cunkoso, kuma mutum yana iya shafa wa wasu tun kafin shi kansa ya ji alamar ciwo. Kulle ba ya kashe ƙwayar. Yana rage mata gudu ne, domin kada marasa lafiya su kwararo asibiti a rana ɗaya har gadaje da iskar numfashi su ƙare. Italiya ta rufe ƙasar baki ɗaya a mako na biyu na Maris 2020 bayan asibitocin arewacinta sun riga sun cika, har ta kai motocin soja ne suke kwashe akwatunan gawa daga birnin Bergamo saboda wurin ya yi wa mamata kaɗan. Duniya ta ga waɗannan hotuna, gani ga wane kuwa ya ishi wane tsoron Allah. A ranar 12 ga wannan watan aka tabbatar da mutum biyu na farko a Gana, ranar 30 kuma aka kulle Akra da Tema da Kasoa da Kumasi da kewaye.

Suwidin ta bar shaguna da makarantun ƙananan yara a buɗe, ta dogara da shawara maimakon dole. Sai dai ki duba irin zamansu, Hajiya. A can gidaje masu ɗimbin yawa mutum ɗaya ne kacal a ciki, ma'aikaci da ya kwanta ciwo ana biyansa yana gida, jama'a kuma sun saba bin maganar hukuma ba tare da an sa musu soja a titi ba. Duk da haka tsofaffinsu da ke gidajen kula da gajiyayyu sun mutu da yawa, fiye da na maƙwabtansu Nowe da Finland nesa ba kusa ba, har sarkin ƙasar ya fito a Disamba 2020 ya ce sun gaza. Koriya ta Kudu ita ma ba ta kulle ƙasa ba, amma ta maye gurbin kulle da gwaji mai yawa da bin sawun duk wanda ya yi cuɗanya da mai cutar, darasin da ta koya daga wata cutar numfashi da ta afka mata a 2015. Sin kuwa ta rufe birnin Wuhan mai mutum miliyan goma sha ɗaya har kwana 76, da ƙarfin hukuma irin wanda ba kowace ƙasa take da shi ba.

Yanzu mu dawo gida. Ke kin fi ni sanin gidan haya a Aboabo ko Asawase: ɗakuna goma sha biyu a zagaye da tsakar gida ɗaya, kowane ɗaki da iyali, famfo ɗaya idan akwai, ban-ɗaki kuma sau da yawa na kuɗi ne a bakin lungu, inda ake bin layi da asuba. Wanda aka ce masa ya zauna a gida ya nisanci mutane, a irin wannan gida, an ba shi umarnin da ginin kansa ya ƙi. Ga shi yawancin mutanenmu hannu baka hannu ƙwarya suke yi: mai koko, mai faci, ɗan kamasho, yaron tirotiro, wato motar haya, ranar da ba su fita ba tukunya ba ta hau murhu. Ban manta da 'yan matan kayaye ba, masu dakon kaya a ka, waɗanda aka kama a Ejisu kusa da Kumasi sun ɓuya a bayan manyan motocin kaya suna neman komawa arewa, domin a Akra ba su da wurin kwana sai bakin shago. Indiya ta ga irin wannan ninki ba ninki, inda aka sanar da kulle saura sa'o'i huɗu ya fara aiki, leburori suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa, tafiyar ɗaruruwan kilomita.

A ganina Gana ta yi abu biyu daidai. Na farko, ta yi amfani da makonnin nan uku ta bi gida-gida tana ɗibar samfurin gwaji, cibiyoyin binciken lafiya na Noguchi da ke Legon a Akra da KCCR da ke Kumasi suka riƙa haɗa samfurin mutum goma su gwada a tashi ɗaya, sai idan ya nuna cuta a warware a sake gwada kowa shi kaɗai. Da wannan dabara kayan gwaji kaɗan suka yi aikin mai yawa. Jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi kuma suka riƙa ɗauko samfuri daga karkara. Na biyu, ta ɗage kullen ranar 20 ga Afrilu, tun kafin sauran ƙasashen Afirka, kuma shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ambaci halin da talakawa suka shiga a cikin dalilansa. An yafe kuɗin ruwan famfo, an rage na lantarki.

Inda aka gaza, kuma ba zan ɓoye miki ba, shi ne abinci da jari. Rabon dafaffen abinci ya tara jama'a suna turereniya, wato ainihin abin da aka yi kullen domin a hana. Ruwan kyauta ya fi amfanar mai famfo a gida, mai saye da jarka sau da yawa bai gani a ƙasa ba. Kan iyakokin ƙasa kuma sun zauna a rufe har ƙarshen Maris 2022, wanda ya karya 'yan kasuwa irinki masu sarin kaya daga Lome da Abijan fiye da kullen kansa. Saboda haka ba zan ce an zalunce ki da kullen ba, amma an ɗora miki nauyin kare lafiyar kowa ba tare da an tallafe ki daidai nauyin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; da a ce tun farko an zauna da sarakunan zango da shugabannin matan kasuwa an tsara rabon nan unguwa-unguwa, da ya isa hannun masu shi cikin mutunci.

Tambaya: Malam, ni ladan ne. Har yau rufe masallatai yana ci mini rai, musamman da wasu suke cewa Turawa muka kwaikwaya muka bar tawakkali.
Daga wani ladan, Nima, Akra.

Amsa: Malam Ladan, zafin da kake ji alamar imani ce, kuma duk wanda ya yi azumin 2020 ba tarawihi a jam'i, ba tafsiri, ba filin idi, ya ɗanɗani abin da kake faɗa. Amma batun kwaikwayo ba haka yake ba. Hadisi ya tabbata cewa idan aka ji labarin annoba a wata ƙasa kada a shige ta, idan kuma ta auku inda mutum yake kada ya fita. Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kiran nan da ka riƙa yi na a yi salla a gida ma yana da asali, domin Ibn Abbas ya umarci ladaninsa da shi a ranar ruwan sama da taɓo. Saudiyya ta dakatar da Umara, Hajjin 2020 kuma 'yan tsirarun mazauna ƙasar ne suka yi shi.

A nan Gana, abin da ya sa dokar ta zauna a zango ba tare da tarzoma ba shi ne Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya goyi bayanta ya ce a yi salla a gida. Mutanen da ba za su saurari minista ba sun saurari Malam. Da aka buɗe masallatai ranar 5 ga Yuni, mutum ɗari kawai aka yarda su shiga, na tsawon sa'a ɗaya, kowa da takunkuminsa da dardumarsa, bokitin Veronica kuma a bakin ƙofa. Wannan bokiti mai famfo ma ba daga Turai ya zo ba. Wata masaniyar kimiyya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi shekaru kafin korona.

Tambaya: An ce Afirka za ta cika da gawa, ba ta cika ba. Tsira muka yi, ko alƙaluman ne ba gaskiya ba?
Daga wani ɗalibi, Madina Zango.

Amsa: Ɗana, kowanne da rabonsa. Cutar ta fi kashe tsofaffi, mu kuwa rabin mutanen Gana ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, alhali a Italiya rabin jama'a sun haura arba'in da biyar. Yawan harkarmu kuma a sarari muke yinta, iska na kaɗawa. Wannan sauƙi ne na gaske. Amma ƙidayar ma ta gaza: mamatan da aka rubuta a Gana ba su kai mutum 1,500 ba, sai dai wanda aka gwada kaɗai ake lissafawa, mu kuwa dattijo yakan rasu a gida da asuba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa ba gwaji ba takarda. Kano ta ga yawan jana'izar dattawa a Afrilu 2020 wanda alƙaluman lokacin ba su nuna ba, Tanzaniya kuwa daina fitar da alƙaluma ta yi gaba ɗaya a zamanin Shugaba Magufuli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.9 ne annobar ta yi sanadin mutuwarsu a 2020 da 2021, kusan ninki uku na abin da ƙasashe suka rubuta.

Wannan giɓi ya shafe mu kai tsaye, domin unguwar da ba a san yawan mamatanta ba ita ce ta ƙarshe a rabon gadon asibiti da magani. Tun da kai mai karatu ne, idan aka yi rasuwa a gidanku, Allah ya kiyaye, ka ɗauki nauyin zuwa ofishin rajistar haihuwa da mutuwa bayan sadakar uku, ka sa a rubuta sunan mamacin da shekarunsa da ciwon da ya yi ajalinsa.