Tambaya da Amsa: Farautar Elk a Tsaunukan Kolorado Karo na Farko

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Huston ta jihar Teksas, shekaruna 36. Na saba da bindigar farauta, na sha harbin barewa a nan, amma ban taɓa hawa tsauni ba. Ni da abokaina biyu muna shirin zuwa jihar Kolorado farautar elk, wata babbar barewa mai ƙaho mai rassa, a ƙarshen Oktoba. Hutun kwana 8 kacal na samu, shi ya sa muka tsara mu yi tuƙi kai tsaye mu kafa tanti a tsayin mita 3,200 a daren da muka isa. Sai na ji ana cewa iskar can tana kayar da mutum, abin ya tsaya mini a rai. Abokaina sun ce tunda ina buga ƙwallo duk mako babu abin da zai same ni, mu sayi gwangwanayen oksijin kawai. Maiɗakina kuwa hankalinta ya ƙi kwanciya. Me ya kamata in shirya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maiɗakinka ce da gaskiya, kuma wannan shirin na kwana a mita 3,200 daren farko ka soke shi tun yau.

Bari mu sallami maganar takardu tukuna. Hukumar Colorado Parks and Wildlife ce ke ba da lasisi, kuma duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 sai ya nuna shaidar kwas ɗin koyon farauta. Yankuna masu kyau da ƙuri'a ake samunsu, ana rufe nema a farkon Afrilu. Idan ta wuce ka, akwai lasisin namiji da ake saya kai tsaye don zango na biyu da na uku na bindiga a wasu yankuna, sai ka duba littafin dokokin shekarar, don suna yawan sauya shi. Dole ka sa riga da hula masu launin lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, murabba'in inci 500 daga ƙugu zuwa sama. A yawancin yankuna ba a harbin namiji sai yana da rassa 4 a ƙaho ɗaya, ko reshen goshi mai tsawon inci 5. Idan a cikinku akwai mai bizar karatu ko ta aiki, ya tabbata lasisin farauta yana hannunsa kafin ya taɓa bindiga, domin dokar tarayya ce.

To, mu zo ga maganar abokanka. Babu wata jita-jita da ta fi yawo a tsakanin sababbin mafarauta kamar wannan, cewa ciwon tsauni na ragwaye ne da masu tumbi. Ƙarya ce, kuma tana kai mutane asibiti kowace kaka. Ƙarfin jiki yana taimaka maka ka ɗauki kaya, amma ba shi da hannu a yadda jininka ke sabawa da ƙarancin iska. Abin da ke yanke hukunci shi ne tsayin inda kake zaune, da saurin hawanka, da tsayin inda ka kwana, da irin halittar jikinka. Sau da yawa ma ƙaƙƙarfan ne ke fara faɗuwa, saboda shi ne ke hawa da gudu ranar farko, kuma shi ne ke jin kunyar cewa kansa yana ciwo.

Ka duba lissafin. Huston kusan daidai take da teku. Denba, babban birnin Kolorado, tana mita 1,600, wato kamar tsaunin Mambila. Dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, Chappal Waddi, mita 2,419 ne, ku kuma kuna son kwana a inda ya ɗara shi da kusan mita 800, bayan tuƙin awa 16 ko fiye ba barci. A mita 3,000 duk numfashin da ka ja kusan kashi 70 cikin 100 yake ba ka na oksijin ɗin da ka saba samu a gida. Ciwon yakan fara daga mita 2,500, awa 6 zuwa 12 bayan isowa: ciwon kai mai sara, tashin zuciya, rashin cin abinci, barci ya gagara. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai kisa shi ne wanda ruwa ke taruwa a huhu, yawanci a dare na biyu zuwa na huɗu. Mutum yana zaune a bakin tanti yana ɗaura igiyar takalmi amma yana haki kamar wanda ya yi tsere, ga busasshen tari, daga baya kaki mai kumfa da ɗan ja-ja, leɓe ya yi duhu. Akwai kuma kumburin ƙwaƙwalwa, inda za ka ga mutum yana tangaɗi, ana magana yana amsa wata daban. Ka ja layi a ƙasa ka ce ya taka shi, dunduniya na taɓa yatsa. Idan ya kasa, a sauko da shi a take, ko da ƙarfe biyu na dare ne, kuma kada a sake shi shi kaɗai. Saukowar mita 300 zuwa 1,000 ita ce maganin, daga nan sai asibiti.

Gwangwanin oksijin da ake jerawa a gidajen mai kuwa, takaicinsa ya ishi duk wanda ya san aikin. Babba daga cikinsu wajen lita 10 yake ɗauka. A asibiti mara lafiya irin wannan ana ba shi lita 2 zuwa 4 a kowane minti, awa bayan awa. Ka raba da kanka, gwangwani ɗaya bai wuce minti 5 ba. Illarsa ita ce yana sa mutum ya ji ɗan sanyi a ransa ya ce ya warke, ya ƙara kwana a sama alhali huhunsa na cika. Haka ƙwayoyin ganye da ake tallatawa a intanet da sunan maganin tsauni, da lemon ƙara kuzari, da masu cewa ka yi ta shan ruwa kawai. Ruwa yana hana ƙishi ya haɗu da ciwon, amma ba ya hana ciwon. Maganin da likitoci suka sani shi ne acetazolamide, miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da ɗan tsikari a yatsu, kuma likita ne zai rubuta maka bayan ya ji tarihin lafiyarka. Giya da ƙwayar barci suna rage numfashi da dare, a nisance su.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, wanda abokan farautarka Turawa ba za su tuna maka ba. Ka san rukunin jininka na sikila? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma da yawa suna rayuwa lafiya ƙalau har su manta. A kan tsauni, ga ƙarancin iska ga wahala ga ƙishi, jinin mai AS yana iya toshe jijiyoyin saifa. Ba kowa yake samu ba, amma sananne ne a Kolorado. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Ryan Clark na ƙungiyar Pittsburgh Steelers ya gamu da shi a Denba a 2007, har aka cire masa saifa, kuma mita 1,600 ce kawai, mutumin da motsa jiki ne sana'arsa. Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗa. Ku ukun ku yi gwaji kafin ku sayi komai. Mai AS ya zauna da likita ya gaya masa ainihin tsayin da zai je. Mai SS ko SC kuwa wannan tafiyar ba tasa ba ce.

Ga yadda za ka kashe kwana 8 ɗin. Dare na farko a Denba. Na biyu a gari mai tsayin mita 2,000 zuwa 2,400, irin su Steamboat Springs ko Gunnison, gwargwadon yankin lasisinka. Na uku ka kafa tanti a wajen mita 2,700, kusa da mota, ka riƙa hawa da safe kana saukowa ka kwana. Sama da mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare. Ka yi asarar kwana biyu, amma sauran za ka yi su a tsaye. A ƙarshen Oktoba ma dusar ƙanƙara takan koro dabbobin ƙasa, ba lallai ne mai tanti a can ƙoli ya fi ka gani ba.

Horon da zai amfane ka daga yanzu shi ne hawa matakala da jaka a baya, ka fara da kilo 10 ka kai 25 cikin wata uku, kana sanye da takalmin da za ka tafi da shi. Sabon takalmi a gangara bororo ne tun rana ta farko. Kada ka sa auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta daskarar da kai da zarar ka tsaya. Ulu ko yadin roba, hawa-hawa. Ka riƙe sandunan dogarawa biyu, da fitilar goshi, da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, don waya ba ta kamawa a kwazazzabai.

Elk da hanci yake tsira. Da asuba iska mai sanyi tana gangarowa ƙasa, rana na dumama dutse sai ta juya sama, da yamma ta sake komowa. Saboda haka da sassafe ka tunkare su daga ƙasa, da hantsi ka kasance sama da su ko gefensu. Da rana suna kwance a duhuwar itatuwa ta fuskar arewa, kada ka kutsa ka tashe su. Harbi a gangara kuma, sama ko ƙasa, harsashi yakan wuce saman inda ka nufa, domin nisan kwance ne ke aiki: mita 300 a karkatar digiri 30 mita 260 ce. Ka sake gwada saitin bindigarka idan ka isa, ka yi bisimilla lokacin jan kunama, idan ka tarar da sauran rai ka yanka.

Kafin ka ja kunamar ka dubi inda zai faɗi. Bijimin elk yakan kai kilo 300, ya yi gwanki ko ya fi, kuma tsokarsa ba ƙashi ta kai kilo 90. Sawu 3 ko 4 ke nan na kaya mai kilo 25 zuwa 30, ku uku ma sai kun ji a gwiwa idan kwazazzabo ne. Ka feɗe shi nan take, don fatarsa mai kauri tana riƙe zafi, naman yakan fara lalacewa daga gaɓar cinya ko da a kan ƙanƙara yake kwance. Ka cire cinyoyi biyu, da hannuwa biyu, da naman gadon baya na waje da na ciki, ka zuba a buhunan yadi masu shan iska, ka rataye a inuwa. Leda tana dafa nama. Dokar jihar ta hana barin waɗannan sassan a daji, kuma ta ce a bar alamar jinsi manne da ɗayansu har ka kai gida ko wurin mai gyaran nama. Idan yankinku yana cikin masu cutar ƙwaƙwalwar barewa da ake kira CWD, ka kai kan a gwada, naman ya zauna a firiza har sakamako ya fito.