Tara tsofaffin katunan 'yan wasa da kudi kadan

Malam ka tambaya ko mai karamin karfi zai iya tara tsofaffin katunan 'yan wasa, wallahi zai iya, sai dai ka cire ranka daga manyan nan tukuna. Katin Mickey Mantle, dan wasan baseball na Amurka, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, an sayar da shi dala miliyan 12.6 a 2022, wannan ba layinmu bane.

Ni shawarata ka zabi abu daya ka tsaya a kai. Tunda kwallo muke so, fara da sitikun 'yan wasa da kamfanin Panini yake bugawa na gasar cin kofin duniya, tun Mexico 1970 suke yi, kuma na USA 94 akwai 'yan Super Eagles irinsu Rashidi Yekini, karon farko da Najeriya ta je kenan, kaga akwai dadin tarihi kuma ba su kai na Pele ko Maradona tsada ba. Katunan Amurka na karshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ma arha ne sosai saboda an buga su da yawa har suka cika kasuwa.

A eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, kar ka kalli farashin da mai kaya ya sa, duba wanda aka riga aka sayar, kuma ka hada da kudin turowa don wani lokaci yafi kudin katin. Katin da PSA, kamfanin da ke duba lafiyar kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ta ba maki 9 ko 10 tsada gareshi, maki 4 ko 5 ya isheka. Jabu kuma sun yi yawa, ka nemi hoton gaba da baya.

In sun iso ka sa kowanne a ledarsa, nesa da rana da danshin damina.