Kafet ɗin matakala: na ango ne ko na amarya?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce benenka na unguwar Asawase a Kumasi ya kammala, biki ya matso, kuma dangin amarya na so su haɗa da kafet ɗin matakala cikin kayan ɗaki, 'yan jere su shimfiɗa ranar da suka zo. Kana tambaya ko haka al'ada ta tanada.

Abin da muka taras a zango shi ne kayan ɗaki na iyayen amarya ne: gado, katifa, labule, kwanuka, darduma. Duk abin da mace za ta iya naɗewa ta ɗauka, nata ne. Abin da aka kafa a jikin gini kuwa, ƙofa da taga da famfo, na maigida ne. Iyayenmu ba su yi zaman bene a unguwar Aboabo ba, ɗaki da falo ne a ƙasa, amma ƙa'idarsu ta isa ta raba wannan gardama. Kafet ɗin matakala kafe shi ake yi, don haka naka ne. Sai dai kada ka faɗa wa surukanka da bakinka. Gwaggonka za ta je ta yi godiya, ta ce ka ɗauke musu wannan nauyin.

Batun 'yan jere ne ya fi damuna. Mata ne masu hannu, za su mai da ɗaki abin kallo, amma matakala ba ɗaki ba ce. Na ga yayata, Allah ya jiƙanta, ta sauko daga bene a wani gidan biki, kafet ɗin da aka shimfiɗa ba a kafe ba ya zame da ita. Har ta rasu ƙugunta bai koma daidai ba, sallah ma a zaune take yi. Mahaifiyarka za ta hau matakalar nan, sau da yawa da danshin alwala a ƙafa.

Ka nemo mai wannan sana'ar, ya zo gida ya auna kafin ka sayi komai a kasuwar Adum ko ta Kejetiya. Magina ba sa fitar da matakai daidai wa daida, shi ya sa kowanne sai an sa masa tef. Faɗin da aka saba yana kai santimita 60 zuwa 70, a bar gefe da gefe a buɗe daidai da juna. Matakalarka ta siminti ce da tayil, ƙusar katako ba ta shigarta. Sai ya huda da na'ura, ko ya manna da gam mai ƙarfi siraran katakan nan masu haƙora da ke riƙe kafet a kusurwar kowane mataki. A ƙarƙashi ya sa soso mai tauri, ya lanƙwaso shi kan bakin matakin, don nan ne ƙafa ke ci. Ka tsaya ka ga gashin kafet ɗin ya kwanta yana kallon ƙasa. Sandunan tagulla da kake gani a hotuna yawanci ado ne, ba su kaɗai ke riƙewa ba.

Ka ce masa ya bar ragowa ya naɗe a matakin ƙarshe. Idan baki ya cinye bayan shekaru, sai a ja kafet ɗin kaɗan, inda ya lalace ya koma kusurwa.

Kumasi damina biyu gare ta, ga ƙurar hunturu daga Disamba. Ka guji fari da mai dogon gashi, ka ɗauki mai gajeren gashi mai duhu. Takalma kuwa a ƙasa za a cire su, kamar yadda ake yi a bakin ƙofar kowane ɗaki.

A gama aikin da mako guda kafin jere, gam ya bushe, amma a hau da gado da kabad tukuna ko a rufe kafet ɗin da kwali ranar. Zan biyo bayan sallar Juma'a in taka da ƙafata in ji.