Fastonmu ya yi sanyi, yaya za mu ƙarfafa shi?

Tambaya: Baba Rabaran, ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikilisiya da ke Tudun Wada, Jos. Faston da aka turo mana matashi ne. Ya zo da zafinsa, amma yanzu duk ya yi sanyi, wa'azinsa ma ba kamar dā ba, har an fara gunaguni. Me zan yi in ƙarfafa shi, ni ma in yi girma cikin hidima?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da ba ki shiga sahun masu gunagunin ba.

Ki fara da duba yadda makonsa yake tafiya. Addu'ar asuba, jana'iza, duba marasa lafiya a asibiti, sulhunta miji da mata har tsakar dare, taron dattawa, ga kuma sujada biyu ranar Lahadi, ta Hausa da ta Turanci, kamar yadda ake yi a majami'u da yawa a Jos. Yaushe zai zauna da Littafi Mai Tsarki ya yi shiri? Makarantun tauhidi irin su TCNN ta Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, da JETS ta ikilisiyar ECWA suna koya wa mutum fassara nassi, amma ba su da ikon ƙara masa awoyi a yini.

Manzanni ma sun sha wannan. A Ayyukan Manzanni sura 6, rabon abincin gwauraye ya kawo gunaguni, har yana neman raba su da wa'azi. Ba tsawa aka yi musu ba. Mutum bakwai aka zaɓa suka ɗauke musu aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka ku mata ku je ku tambaye shi, wane aiki za mu sauke maka? Kunya za ta sa ya ce ba komai. Kada ku yarda.

Sai maganar da ba a son yi, wato kuɗi. Galatiyawa 6:6 da 1 Timoti 5:18 ba su ɓoye ta ba. Ki sa wani dattijo ya bincika wurin ma'aji ko albashi na fita a kan lokaci. Wanda aka koro 'ya'yansa daga makaranta ranar Juma'a, da wace zuciya zai hau bagade ranar Lahadi? Ku kuma leƙa Mama, matarsa. Yawanci ita ce ke haɗiye abin da ba ya faɗa, kuma ba mai tambayar ta.

Yabon bakin ƙofa, "Baba, wa'azi ya yi daɗi," ni ban ɗauke shi ƙarfafawa ba, kusan gaisuwa ce kawai. Ki faɗa masa ayar da ta taɓa ki da abin da kika gyara saboda ita. In kuma akwai kuskure a koyarwarsa, ki bi sawun Bilkisu da mijinta Akila a Ayyukan Manzanni sura 18. Da suka ji wa'azin wani mai suna Afolos a birnin Afisa, gefe suka ja shi suka ƙara fayyace masa, mata da miji tare. Ke ma ki tafi da maigidanki ko wata dattijuwa, kada ki kai zancen WhatsApp ɗin zumunta.

Batun girmanki kuwa, ki zaɓi aiki guda, misali ziyarar gwauraye biyu ko uku a unguwarku, ki sanar da dattawa, ki riƙe shi shekara cur ko da ba a taɓa ambaton sunanki a sanarwa ba.