Paul Erdős, masanin lissafin da akwati ne gidansa

Tambaya: Malam, malaminmu na lissafi ya ba mu labarin wani masani ɗan ƙasar Hangari da ya rayu ba gida, ba iyali, yana sauka daga gidan wannan masani zuwa na wancan. Shin gaskiya ne ko an ƙara gishiri? Kuma lafiyar hankalinsa ƙalau?

Amsa: Labarin gaskiya ne, kuma mutumin shi ne Paul Erdős, wanda aka haifa a Budapest a 1913, ya rasu a Warsaw, babban birnin Poland, a 1996 yana halartar taron masana lissafi. Hankalinsa ƙalau yake. A ganina, ya kawar da duk abin da zai raba masa hankali ne, ya bar lissafi da abokan lissafi kawai.

Tun yana ɗan shekara 19 ya kawo sabuwar hujja mai sauƙi cewa tsakanin kowace lamba da ta wuce 1 da ninkinta akwai lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Daga baya ya zama matafiyi. Yakan iso ƙofar abokin aiki da akwatinsa, ya ce wa mai gida ƙwaƙwalwarsa a buɗe take, su duƙufa kwanaki kan wata matsala har mai gida ya gaji liƙis, sannan ya nufi gida na gaba. Da haka ya wallafa maƙaloli kusan 1,500 tare da mutane fiye da 500, har aka ƙirƙiro "lambar Erdős": wanda ya yi rubutu da shi yana da 1, wanda ya yi rubutu da wancan yana da 2.

Barkwancinsa ma daga lissafi yake fitowa. Yana kiran yara "efsilon", wato harafin Girkanci da masana ke nuna ƙanƙanin adadi da shi. Idan masani ya daina lissafi sai ya ce ya mutu, wanda kuwa ya mutu da gaske sai ya ce ya tafi. Ba mai addini ba ne, amma yakan ambaci wani "Littafi" da ya ce Allah ya adana hujjoji mafi kyau a ciki, kuma babban yabon da zai yi wa hujja shi ne ya ce daga Littafin ta fito.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba, domin yana damuna: bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1971 ya riƙa shan ƙwayoyin hana barci. A 1979 abokinsa Ronald Graham ya sa dala 500 cewa ba zai iya barin su wata guda ba. Ya bar su, ya karɓi kuɗin, sannan ya koma yana ƙorafin cewa rashin ƙwayoyin ya hana shi aiki, don haka an mayar da lissafi baya da wata ɗaya.

Kuɗi kuwa ba su zauna a hannunsa ba. Da aka ba shi kyautar Wolf, wata babbar lambar yabo ta masana, mai dala 50,000, dala 720 kacal ya riƙe, sauran ya bayar. Yakan kuma sa lada daga aljihunsa ga duk wanda ya warware matsalar da ta gagare shi, daga 'yan daloli har zuwa dubbai, kuma bayan rasuwarsa Graham ya ci gaba da biyan waɗanda suka warware su.