Mahaifinka bai yi ƙarya ba, an yi gasar a Manchester kuma Sampras ya ci ta

Assalamu alaikum. Da farko Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Na ga tambayarka tun daren jiya, na rufe waya na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Ka ce marigayi ya sha ba ku labarin ya ga Pete Sampras yana wasan tanis a kan ciyawa a Manchester lokacin da aka tura shi kwas Ingila, ka maimaita labarin a gidan kallo aka yi maka dariya, wai Manchester ban da United da City me suka sani. Ka duba intanet sunaye suka rikita ka, shi ne kake tambaya ko an taɓa yin gasar, su wa suka ci, me ya kashe ta. Ɗana, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Irin dariyar nan an yi mini ita, kuma tawa ta fi taka ciwo, don ni da idona na gani.

An yi ta. Sunanta Manchester Open, a kulob ɗin Northern da ke unguwar Didsbury a kudancin birnin, kan titin Palatine. Shekara biyar ta yi a jerin gasannin ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, daga 1990 zuwa 1994, kullum a makon da ke gab da Wimbledon. Ta 1990 ita ce ta mahaifinka in dai ya ga Sampras ya ɗaga kofi: ya doke Gilad Bloom na Isra'ila 7-6, 7-6, yana yaro ɗan shekara 18. Shi ne kofinsa na farko a kan ciyawa, na biyu a duk rayuwarsa bayan na Philadelphia a farkon shekarar. Abin dariyar, daga nan ya wuce Wimbledon, Christo van Rensburg ya cire shi tun zagayen farko, sai ga shi a Satumba ya ci US Open. Ta 1990 ɗin ban gan ta ba, ba zan ce na gani ba, don a watan Satumbar nan na sauka Ingila karatu.

Wadda na gani ita ce ta 1991. Ina zaune Rusholme a ɗaki ɗaya, ina karatu da rana ina wanke-wanke a wani gidan abinci da dare. Na tara kuɗin tikiti na hau bas. Ku da kuka saba ganin Wimbledon a talabijin, ku cire wannan hoton daga ranku. Wurin ƙarami ne, kulob ne na mambobi a tsakiyar gidajen mutane, sai a kakkafa kujerun wucin gadi saboda makon gasar. A ƙananan filayen kusancin ya kai kana jin numfashin ɗan wasa, kana jin yana yi wa kansa faɗa da harshensu. Na yi azahar a bayan wata rumfa a kan rigar sanyina, ciyawar da danshinta har gwiwar wandona ta yi kore. Ga rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce. Ga ruwa, don Manchester da ruwan sama kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, da an ga hadari sai a ja tamfol a rufe fili, kowa ya buɗe lema ya zauna jira.

Wasan ƙarshe Sampras ya dawo kare kofinsa, ya haɗu da Goran Ivanisevic, wani dogon bahago ɗan garin Split, lokacin ana rubuta masa Yugoslabiya a allo. Goran ya ci 6-4, 6-4. Ni dai abin da na riƙe shi ne sabis ɗinsa, wato bugun da ake fara wasa da shi. Ƙwallon ba ta tashi, tana taɓa ciyawa sai ta zame ƙasa-ƙasa ta nufi waje, ka ji ƙararta a jikin tamfol ɗin baya kafin idonka ya gama binta. Duk wanda bai ga sabis a kan ciyawar wancan zamanin daga kusa ba, ya daina yi mini gardamar wai ta yanzu ma da sauri.

Na sayi ɗan littafin gasar, wanda ake saka jadawalin 'yan wasa a tsakiya. Da biro shuɗi na cike shi, zagaye bayan zagaye, wanda ban gani ba na kwafa daga allo. Haka na yi a 1992 da 1994. Littattafai uku ke nan, da guntun tikitin kowace shekara manne a bangon ciki. Na dawo da su gida a cikin jakar da na sa takardun shaidar karatuna, ka ga matsayin da na ba su.

To ga inda aka yi mini sakiyar da ba ruwa. A 2001, ranar Litinin ɗin nan da Goran ya doke Patrick Rafter a wasan ƙarshe na Wimbledon, 9-7 a set na biyar, muna zaune a kulob ɗin da nake wasa muna kallo. Murna ta ɗebe ni na ce, ku duba, dukkansu biyun zakarun Manchester ne, kuma duk a gabana suka ci. Washegari na kawo littattafan kowa ya gani. Akwai wani Alhaji, ba zan faɗi sunansa ba, ya girme ni, mutum ne da nake rusunawa in gaishe shi. Ya ce in ara masa zai sa a yi masa hoto a ofishinsa, jibi ya dawo da su. Na ba shi da hannu biyu. Jibi ta zo, ya ce yaron ofis bai zo ba. Mako ya wuce, ya ce suna mota, motar tana wurin makanike. Wata ya wuce, ya ce ai ya ba direba ya kawo mini, bai kawo ba? Na je gidansa har sau uku, ina zama a zaure kamar mai neman bashi, a kawo mini ruwa, a ce ya fita. Sau na ukun takalmansa na nan a ƙofar falo, na san su, don da su yake zuwa kulob. Na sha ruwana na tashi.

Da abin ya tsaya nan da na ce ƙaddara. Bayan kamar shekara biyu, ana walimar rufe wata ƙaramar gasa, sai na ji muryarsa a teburin baya yana ba yara labarin yadda ya ga Goran ya doke Sampras a Manchester. Har da tamfol, har da lema, har da koren ciyawa a gwiwar wando. Labarina, kalma da kalma. Na juya na ce, Alhaji, ashe kai ma kana wurin? Ya yi murmushi ya ce, af, kai ma ka je ne? Aka fashe da dariya. Wani matashin koci, bai san komai ba, ya ce to duk mai shaida ya kawo. Ni da shaidata ke gidan mutumin nan, na buɗe baki na rasa abin faɗa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya ci gaba da cin namansa, bai ko ɗago ba. Na bar abincina na fita, na zauna cikin mota na fi rabin awa ban tayar da ita ba. Maiɗakina ta ce in bar shi da Allah, takarda ce. Na sani takarda ce. Amma rubutun hannuna ne na lokacin da nake ɗan shekara talatin, cikin sanyi, da kuɗin wanke kwanuka. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure ina gaishe shi, haka aka tarbiyyantar da mu, sai dai gaisuwar ba ta wuce leɓe.

Ka yi haƙuri na kauce, bari in ƙarasa maka. A 1992 Jacco Eltingh na Holan ya ci, ya doke MaliVai Washington na Amurka. Ranar na koma gida da ɓacin rai, don Washington baƙar fata ne, kuma shi nake goyon baya, ba sai na ɓoye ba. Shi ne ya kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 1996, Richard Krajicek ya doke shi. Eltingh kuwa a wasan bibbiyu ya yi suna, shi da Paul Haarhuis, har suka ci Wimbledon a 1998. Ta 1993 ta 'yan Ostiraliya ce su biyu, Jason Stoltenberg ya doke Wally Masur, ban je ba jarrabawa ta riƙe ni. Ta ƙarshe, 1994, Rafter ya doke Wayne Ferreira na Afirka ta Kudu 7-6, 7-6, kofinsa na farko ke nan a ATP. Ba wanda ya san mu ne 'yan kallon ƙarshe, ko dai ni ban sani ba.

Ka faɗa wa 'yan gidan kallon nan su lissafa. Wasan ƙarshe na Wimbledon a 1994 da 1998, Sampras da Goran. A 2000, Sampras da Rafter. A 2001, Goran da Rafter, Goran yana na 125 a duniya, da gurbin alfarma ma aka shigar da shi. Sau huɗu ke nan ana raba kofin Wimbledon tsakanin mutanen da suka fara cin na Didsbury. Gasar da ta yi shekara biyar kacal. Ko da yake, in ka ji shawarata, kada ma ka koma musu da maganar. Wanda ya yi dariya ba neman sani yake ba. Ni na yi shekaru ina neman in wanke kaina a gaban mutanen da sun manta ma an yi.

Abin da ya kashe ta, ba fatara ba ce ko wani abin kunya. A 1995 aka ɗauke makon aka kai Nottingham, inda akwai babbar cibiyar tanis mai filaye da yawa. Lokacin mako biyu ne kawai tsakanin Roland Garros, babbar gasar Faransa, da Wimbledon, sai a 2015 aka mayar da shi uku, don haka gurbin gasar ciyawa kaɗan ne, in wani gari ya samu to wani ya rasa. A ganina ƙanƙantar kulob ɗin ce ta ja masa, wurin da ya yi mana daɗi mu 'yan kallo shi ne bai yi wa masu lissafin kuɗi ba. Kuma abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Nottingham ta yi nata zamanin, Greg Rusedski, Jonas Bjorkman, Richard Gasquet da Ivo Karlovic kowannensu ya ci sau biyu, sai a 2009 ita ma aka kwashe makonta aka haɗe da ta mata a Eastbourne. Na ji labarin na ce madalla, Allah ya yafe mini.

Rikicin sunaye da ka gani kuwa, abu uku ne a fili ɗaya. Akwai tsohuwar gasar Northern da aka fara tun 1880, shekara uku bayan Wimbledon, a da ana karɓa-karɓa tsakanin Manchester da Liverpool. Jimmy Connors ya ci kofi a Manchester a 1974, shekarar da ya ci Wimbledon ɗinsa na farko. Sai Manchester Open ta ATP da na lissafa maka. Sai Manchester Trophy, ƙaramar gasa ta masu tasowa da ta ci gaba bayan an ɗauke babbar, ta tsaya, ta dawo a 2015 Sam Groth ya ci, a 2016 Dustin Brown, mai dogon gashin nan da ya cire Nadal a Wimbledon 2015. Daga baya ta koma ta mata, kuma a 2018 Ons Jabeur ta Tunisiya ce ta ci, kafin ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. In za ka bincika, ka riƙa haɗa sunan da shekara, in ba haka ba za ta yi ta kawo maka labarin ƙwallon ƙafa.

Ka fara gano shekarar da marigayi ya je kwas. In 1990 ne ya ga Sampras ya ci, in 1991 ne ya gan shi ya sha kashi, watakila ma muna zaune layi ɗaya da shi ban sani ba. Ka tambayi Hajiya, mata sun fi mu riƙe shekarun tafiya, ko ka duba tambarin tsohon fasfo ɗinsa. Ka buɗe akwatunansa da kanka, kada ka bar yara su yi shara a ɗakin. Tikitin ɗan ƙarami ne, yana iya maƙalewa cikin littafi ko aljihun kwat. In ka samu wani abu, ka ɗauki hoto da waya nan take, gaba da baya, ka tura wa kanka, ka tura wa ƙannenka. Ainihin takardar kuma ko limamin unguwarku ne ya ce a ara masa, ka ce ya zo gida ya gani. Mu nan haka muke, yaranmu da ke riƙe raket yau da yawansu ba su san Nduka Odizor ɗan Najeriya ya cire Guillermo Vilas ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon 1983 ba, balle wata gasa a Didsbury.

In Allah ya sa ka ci karo da littafin 1991 a kayansa, don Allah ka turo mini hoton shafin tsakiya ta akwatin sirri. Akwai wasa ɗaya na zagaye na biyu da na kalla a filin baya, na tuna ruwa ya tsayar da shi, na tuna wani tsoho ya matsa mini na shiga ƙarƙashin lemarsa, amma sunayen 'yan wasan sun ɓace mini ƙat, kuma a littafin nan na rubuta su.