Yaya zan koya wa yara ayoyin Littafi Mai Tsarki har su zauna musu?

Tambaya: Ina koyar da yara 'yan shekara 5 zuwa 12 a makarantar Lahadi ta ikkilisiyarmu da ke Nima, a nan Accra. Kowace Lahadi nakan ba su aya su haddace, amma kafin mako ya zagayo sun manta da ita. Hausa suke yi a gida, karatu kuwa sai da Turanci suke iyawa. Me ya kamata in gyara?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan hidima. A ganina matsalar ba ta ƙwaƙwalwar yaran ba ce, domin yaron da ke riƙe waƙoƙin wasa da sunayen 'yan ƙwallo ba zai kasa riƙe aya ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne ana ba su ayar ita kaɗai, an raba ta da labarin da ta fito daga ciki, sai su yi ta maimaita kalmomin da ba su san inda suka dosa ba. Saboda haka ki sa labari a gaba, hadda ta biyo baya.

Ɗauki misalin ɓatacciyar tunkiya da ke Luka sura 15, inda mai tumaki 100 ya bar 99 ya tafi neman guda ɗaya. Yaran Nima ba baƙin tumaki ba ne, suna ganin raguna a ɗaure a ƙofar gidajen maƙwabta idan Babbar Sallah ta matso, sun kuma san yadda hankalin maigida ke tashi idan ɗaya ya tsinke igiya. Ki fara daga nan. Ki zo da marafan kwalba, ki ɓoye ɗaya a ƙarƙashin benci tun kafin su shigo, ki sa su ƙirga har su gano da kansu cewa ɗaya ba ya nan, sa'an nan ki bar su su nema. Idan ƙaramin cikinsu ya ɗago shi yana murna, lokacin ne za ki buɗe Littafi ki karanta musu yadda mutumin ya saɓo tunkiyar a kafaɗa ya kira abokai da maƙwabta su taya shi farin ciki. Ayar da za su haddace ranar ta fito daga wannan wurin, kuma ta zama gajera. Ga 'yan ƙasa da shekara 7, jimla ɗaya ta isa. Manyan kuwa suna iya ɗaukar Zabura 23 gaba ɗaya cikin makonni 6, tunda ayoyinta 6 ne.

Batun harshe yana bukatar lura. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma fassarorin da ake da su sun bi Hausar Nijeriya, wadda ta ɗan bambanta da wadda ake yi a zango, wato unguwannin masu jin Hausa a Ghana irin su Nima. Shawarata ita ce ki karanta nassin yadda yake a rubuce, sa'an nan ki sake faɗinsa da Hausar da suke ji a tsakar gida, ki rubuta ayar a allo da Hausa da Turanci. Ki tsaya a kan fassara ɗaya, domin wata tana cewa Yahaya wata kuma Yohanna, yaro kuwa zai ɗauka littattafai biyu ne.

Sa'a ɗaya a mako ba za ta wadatar ba, kome ƙwarewar malama. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu, a zaune cikin gida da tafe a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Ki riƙa ba kowane yaro ayar a 'yar takarda, ki kuma aika wa iyaye ita da murya ta WhatsApp, don uwar da ba ta karatu ma ta iya bi da ɗanta bayan cin abincin dare. Ranar Lahadi ki fara da tambayar su labarin makon jiya da bakinsu kafin ki nemi hadda, kuma kada a kunyata wanda ya manta a gaban 'yan'uwansa.

Tunda zaman unguwa ɗaya ake yi da 'yan'uwa Musulmi, idan yaron maƙwabta ya biyo abokinsa aji, ki sanar da iyayensa da kanki, kada ya ci gaba da zuwa sai da yardarsu.